Motar da Aka Auna da Hanci

Alhaji Mailafiya na Zaitawa bai yarda da tef ba. Shekara da shekaru yana sayar da shadda da yadi, kuma da jikinsa yake awo: ya kama bakin yadi da yatsu biyu, ya miƙe hannu, ya kawo ɗaya ɓarin kan hancinsa, yadi ɗaya ke nan. Yakan ce tef na masu shakkar kansu ne. Abin da bai taɓa faɗa ba, wataƙila don shi ma bai lura ba, shi ne hancin nan yana da ra'ayinsa. In saye Alhaji yake yi, sai fuskar ta kau da kai daga hannun kamar mai jin kunya, yadi ya yi tsawo. In kuwa sayarwa yake yi, sai hancin ya bi hannun kamar zai sunsune shi, yadi ya tsuke.

Maƙwabcinsa Alhaji Ari, Babarbare mai sayar da turare, shi ya fara sayen mota a lungun. 'Yar ƙarama ce ja, tana shiga lungu ba ta taɓa kowa ba, ta kwana a ƙofar gidan mai ita. Tun ranar da ta zo Mailafiya bai ƙara jin daɗin tuwo ba.

Wata rana da la'asar sakaliya, dattawan lungun suna zaune a majalisarsu ta bakin titi, sai Ari ya dawo daga kasuwa a cikinta.

"Wannan ai ba mota ba ce, Alhaji Ari," in ji Mailafiya. "Kwalbar turare ce aka sa wa taya."

"Tana kai ni, tana dawo da ni. Taka fa?"

"Tawa tana hanya."

"Tun bara take hanya. Da ƙafa take tahowa?"

Aka yi dariya, har da Malam Tanko liman, wanda ba kasafai yake nuna haƙoransa ba. Dariyar liman ce ta yi ɓarnar. Mailafiya ya gyara zama ya ce su shaida, tunda saura wata guda bikin 'yarsa Ikram: ranar da za a kai ta ɗakinta, daga bakin zaurensa za ta shiga motar ubanta, ƙafarta ba za ta taɓa ƙasar lungun nan ba. Kuma ba kowace mota ba. Jif, mai kujera bakwai.

"Allah ya nufa," in ji liman. "Amma lungun namu zai ɗauka kuwa?"

Mailafiya ya tashi ya warware rawaninsa, jama'a suka bi shi har inda lungun ya fi matsewa, tsakanin bangon gidan Ari da na gidan liman. Ya shimfiɗa rawanin daga bango zuwa bango, sannan ya ɗauko shi ya kawo hanci. To a lokacin tallan lungun yake yi wa mutane, saboda haka hancin ya bi hannu.

"Yadi biyu da rabi," ya ce. "Har tirela ma in ta yi ladabi za ta shiga."

"Ka ƙulla alama a rawanin mana, ka tafi da shi wurin motar ka gwada," in ji Ari.

"Ƙulli na mai mantuwa ne."

Washegari ya je wurin wani dillalin motoci mai suna Nazeer, can bayan ganuwa. Nazeer saurayi ne mai farar magana, ya jera masa jif uku ya fara da ta farko.

"Wannan 'yar Japan ce, Alhaji. Ba ta shan mai. Kayan gyaranta kuwa, in ka yi tuntuɓe a kasuwar Ƙofar Ruwa a kansu za ka faɗi."

"Motar da kowa yake da kayanta ai kowa yana da ita. Ka taɓa ganin na sa shaddar da aka yi anko da ita?"

Suka matsa gaba. Ta biyu 'yar Koriya ce, sabuwa fil, da allo a gaba mai nuna abin da ke bayanka. Mailafiya ya lashi ɗan yatsa ya goga a jikin fentin, ya duba yatsan a rana.

"Ba ta zuba," ya ce, kamar bai so hakan ba. Ya leƙa ciki ya murza kujerar tsakanin yatsu biyu. "Amma ba ta da nauyi a hannu. Wanki biyu za ta saki."

"Alhaji, mota ce."

"Komai kaya ne, ɗana. Kuma me zan yi da ganin abin da ke bayana? Na riga na wuce shi."

Ta uku tana can gefe ita kaɗai, baƙa, 'yar Amurka, tsayinta ya kusa na zaure. Nazeer ya nuna masa tagar da ke rufinta, wadda ake zugewa a ga sama. Ya nuna masa ƙofar baya da take ɗaga kanta in an danna makulli, da kujerun da suke kwanciya su zama fili. Mailafiya ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ɗaya zan faɗa maka," in ji Nazeer. "Wannan in ta ga gidan mai ba ta iya wucewa ba ta gaisa ba. Kuma ka ce a cikin gari kake. Bari in ɗauko tef."

"Bar tef ɗinka."

Rawani ya sake sauka. Ya shimfiɗa shi a faɗin motar, ya ɗauko ya kawo hanci. Yanzu mai saye ne, saboda haka fuskar ta juya har sai da ya haɗa ido da maigadin da ke tsaye a bayansa.

"Yadi biyu cif. Saura rabin yadi na sakewa. Ko akuya za ta iya rako ta."

Aka yi ciniki. Ya ce a bar ta a wurin har ranar biki, kada ido ya gaji da ita kafin lokaci. Kullum da safe yakan je wani filin makaranta a koya masa tuƙi, inda babu abin da za a iya bugewa sai tuta, ita ma ya buge ta.

Ranar Asabar aka ɗaura aure da hantsi. Tun da safe Mailafiya ya aika wa Ari cewa ya fitar da kwalbar turarensa bakin titi, babbar baƙuwa tana tafe. Ari bai yi musu ba, ya fitar. Bayan azahar Nazeer ya iso da motar, an ɗaura mata furannin roba a goshi. Unguwa ta fito. Nazeer ya sauko, ya dubi lungun, ya dubi motar, ya sake duban lungun. Sai ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Daga nan kai ne mai mota, Alhaji. Allah ya sanya alheri." Ya tare adaidaita sahu ya tafi, bai tsaya cin shinkafa ba.

Mailafiya ya tattare babbar riga ya hau. Ya naɗe madubai kamar yadda aka koya masa, ya saka kan motar a lungu. Da farko lafiya lau. Mata suna guɗa daga cikin gidaje, yana ɗaga hannu ta gilashi. Can sai motar ta fara wani ƙara siriri, tana yi tana ƙara sauri.

"Kukan me take yi?" wani ya tambaya daga baya.

"Gaisuwa take yi," in ji Mailafiya.

Daidai tsakanin bangon Ari da na liman aka ji wani sauti mai tsawo, irin na shadda in an yage ta. Mailafiya ya san sautin, kuma ya san sabon kaya yakan yi tauri kafin ya saki. Sai ya ƙara taka mai. Motar ta shiga da kafaɗunta duka biyu, ta yi ajiyar zuciya, ta tsaya.

Ya gwada ƙofar dama, bango. Ta hagu, bango. Jama'ar da ke bakin titi suna ganin bayanta, na cikin lungu suna ganin goshinta, ba wanda yake ganin ɗan'uwansa. Sannan tagar sama ta zuge, rawani ya fito, Alhaji ya biyo shi har zuwa ƙugu.

"Ba maƙalewa na yi ba," ya ce wa ɓangarorin biyu. "Tsayawa na yi."

"Madalla," in ji Ari daga baya. "Sai dai ta jingina da ɗakin baƙina. In kwana za ta yi a faɗa mini, in sa a kai mata ruwan alwala."

Lungun nan ba ya ɓullewa. Gidajen da ke ciki, har da na amarya, duk ta wannan hanya ɗaya suke fita, kuma 'yan ɗaukar amarya sun ce kafin magariba za su zo.

Mailafiya ya ba da umarni daga saman mota. Da farko ya sa aka sace iskar tayoyi, wai za ta rage jiki. Ta yi ƙasa, ba ta rame ba. Sai ya aika cikin gida aka karɓo jarkar man gyaɗa daga hannun masu girkin biki, suna mita, aka tsiyaya ta gefe da gefe har bango ya yi sheƙi. Ya ɗaga murya ya ce samari su tura. Na baya suka ji, na gaba ma suka ji, kowa ya sa kafaɗa ya tura iyakar ƙarfinsa. Motar ba ta motsa ba, amma furannin goshinta sun mutu. Awakin unguwa suka gano man, suka zo suka jeru suna lasar bangon liman.

Aka buga wa mai janwe, motar jan motoci, waya, ya ce yana Wudil wurin nasa bikin, sai Litinin.

"Abu ne mai sauƙi," in ji Mailafiya. "A kankare bangon Alhaji Ari, faɗin yatsu huɗu kawai."

"Bangon nan ya girmi ubana," in ji Ari. "A kankare motar mana. Ita ce baƙuwa."

"To na Malam."

"Nawa," in ji liman daga can gaba, "awaki sun riga sun fara."

Ana haka aka kira la'asar. Masallaci yana bakin titi, liman yana cikin lungu. Ya tsaya a gaban motar da carbinsa yana kallonta. Mailafiya ya ce a kawo turmi. Aka kife shi a gaban motar, aka shimfiɗa tabarma a kan bonet don kada a taka fenti. Shi kuma ya sulale ciki ya kwantar da kujerun gefe ɗaya, ya danna makulli, ƙofar baya ta ɗaga kanta.

Malam Tanko ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Ya taka turmi, ya taka tabarma, ya leƙa tagar sama ya yi sallama. Mailafiya ya amsa daga ciki ya ce bisimilla. Liman ya zura ƙafafu, ya ɓace, ya fito ta baya, ya mai da takalminsa ya tafi ya ja salla.

Da haka hanya ta buɗe. Masu salla suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Da aka idar suka dawo ta ƙofar baya suka fito ta sama. Mata 'yan biki suka bi da gwaggwaronsu a hannu. Tukwanen shinkafa suka bi. Wani mai ɗinkin hula ya bi sau uku ba tare da wani dalili ba. Kowa ya zo sai ya yi sallama, don ba wanda ya iya yanke hukunci ko hanya ce ko ɗaki. Mailafiya ya tsaya a bakin ƙofar baya yana karɓar mutane, ƙarfinsa ya fara dawowa.

"Ku duba da kyau," yake cewa. "'Yar Japan za ta iya wannan? 'Yar Koriya da tuni ta saki. Na faɗa wa yaron nan, kaya mai nauyi daban ne."

Sai ga mahaifiyarsa, Hajiya 'Yardada, tsohuwa mai ciwon gwiwa da lafiyayyen harshe. Ta je gaishe da ƙanwarta a Gwammaja tun safe, ta dawo ta tarar an toshe mata gida. Aka tallafa mata ta shiga ta baya. Da ta kai kujerar tsakiya ta ji sanyin na'ura a fuskarta, sai ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Iya, gaba za ki yi," in ji Mailafiya.

"Na iso."

Nan ta zauna, duk wanda ya ratsa sai ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambaye shi mutanen gida da inda za shi. Ta ce tun da ta haifi Mailafiya yau ne ya sayo abu mai amfani. Ba a daɗe ba injin ya yi tari biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Motar ta shanye tanki guda a tsaye.

Sanyi ya ɗauke, ran tsohuwa ya ɓaci. Ta leƙo ta ƙofar baya, inda majalisa ta dawo ta taru.

"Wai ba ka auna ba ne kafin ka sayo?"

"Na auna, Iya. Lungu yadi biyu da rabi, mota yadi biyu. Laifin magina ne, bango yana kumbura da damina."

"Da wane hancin ka auna? Na saye ko na sayarwa?"



"Hanci biyu gare shi, Hajiya?" in ji Ari a hankali.

"Ɗaya ne. Amma yana da wuya a ƙarƙashinsa. Haka na ubansa yake, Allah ya jiƙansa."

Ari ya nemi aron rawanin cikin ladabi. Ya kama baki ɗaya ya dafa a bangonsa, liman ya kama ɗaya ya dafa a nasa bangon, daidai bayan motar, inda ko allura ba za ta shiga tsakaninta da gini ba. Suka miƙa wa Mailafiya abin da ya kama.

"Auna mana lungunka, Alhaji."

Mailafiya ya san ana kallonsa. Ya ƙudura a ransa wuyan nan ba zai motsa ba. Amma da ya ji an ce lungunka, hancin ya tafi da kansa.

"Biyu da rabi."

"To ga shi, bai sauka daga hannunka ba. Auna mana motar da ka saya."

Ya cije leɓe. Ya miƙe hannu. Fuskar ta juya a hankali, har ya tsinci kansa yana kallon awaki.

"Biyu," ya ce, da ƙaramar murya.

Ba wanda ya yi dariya. Abin da ya faru ya fi dariya muni. Dattawan lungun, waɗanda duk sallar duniya a wurin Mailafiya suke yankar shadda, suka sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya suna duban ƙafafunsu. Babu wando ɗaya a majalisar da ya kai idon sawu.

Malam Tanko ya ɗaga ƙafa ya daɗe yana nazarinta.

"Shekara nawa ana yaba mini tsantseni a kan wandon nan," ya ce. "Ni kuma ina zagin tela a zuci."

"Tsantsenin ai yana nan, Malam," in ji Mailafiya. "Taimaka masa kawai aka yi."

Hon ɗin 'yan ɗaukar amarya ne ya cece shi. Sun iso bakin titi, motocinsu ba mai iya shiga lungu, ga rana tana yin ja. Daga zauren Mailafiya zuwa goshin motar akwai 'yar tafiya, ƙasa kuwa duk man gyaɗa da sawun awaki. Ari ya tuna masa, a gaban kowa, cewa an yi shaida ƙafar yarinya ba za ta taɓa ƙasa ba.

Mailafiya ya ratsa motarsa ya shiga gida. Ya fito da bandir guda na farar shadda, mafi tsada a ajiyarsa, ya warware shi daga bakin zaure har turmi. Ari kuma ya shigo da 'yar jar motarsa da baya, ya manna ta da ƙofar bayan jif, ya buɗe.

Aka fito da Ikram a lulluɓe, gwaggwanninta suna riƙe da ita. Kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi, mata suna cewa ta yi haƙuri, kowa da haka ya bar gida. Wadda take riƙe da hannunta na dama ce kaɗai ta san ba kuka take yi ba. Ta taka shadda, ta taka turmi, ta taka tabarma. Aka zura ta ta sama. A ciki kakarta ta tsayar da ita ta yi mata nasiha, ta rufe da cewa in mijinta ya ce zai sayo wani abu, ta ba shi tef. Ta fito ta baya ta faɗa kwalbar turare, Ari ya ja, guɗa ta bi su har titi.

Mailafiya ya tsaya a kan turmi ya fuskanci jama'a.

"Na ce daga zaurena za ta shiga motar ubanta. Ta shiga ko ba ta shiga ba?"

"Ta shiga," in ji liman. "Ta kuma fita."

Yana faɗin haka yana naɗe shaddar da aka shimfiɗa. Ya ce za a wanke ta a raba wa majalisa, kowa ya kai wa tela cikon wandonsa, kuma da tef za a yanka. Mailafiya ya dubi ƙafafun da suka kewaye shi, ya sauko daga kan turmi.

Ranar Litinin janwe ya zo ya fizgo motar ta baya. Ta fito da farar ƙasa a kafaɗa ɗaya, ja a ɗaya, tana ƙamshin man gyaɗa. Aka ja ta har wurin Nazeer. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya shafa gefenta, ya ce gaskiya ta ragu ƙwarai daga yadda ya ba da ita.

"Ta ragu?" in ji Mailafiya.

Ya warware rawani, ya shimfiɗa a faɗinta, ya ɗauko ya kawo hanci. Yau shi ne mai sayarwa.

"Biyu da rabi," ya ce. "Biyu ka ba ni. A hannuna ta yi ƙiba, ɗana. Sai ka yi magana a kan ƙarin."